Daga Holiwud Zuwa Titin Kachia: Ɗoki Da Shakkun Matasan Sabon Tasha Kan Fina-finan Sadaukai

Kamfanin Marvel ya tsayar da ranar Juma'a, 18 ga Disamba, 2026, don sakin Avengers: Doomsday, fim ɗin da ya ɗora wa nauyin dawo masa da martabarsa bayan 'yan shekarun da kasuwa ta riƙa juya masa baya. Da fari ranar 1 ga Mayu aka sanya, daga bisani aka ɗaga. A Amurka wannan ɗagawa lissafin 'yan kasuwa ce kawai. A Sabon Tasha kuwa, unguwar da ke kudancin birnin Kaduna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, sabuwar ranar ta faɗo ne a makon da tashar mota ke cika maƙil da masu tafiya Kachia, Zonkwa, Kafanchan da Kagoro domin Kirsimeti, lokacin da kuɗin mota ke tashi, kuma kowane mai albashi yake lissafin shinkafa, kaji da ɗinkin yara.

Duk da haka zancen fim ɗin ya riga ya kankama a shagunan aski, da rumfunan cajin waya, da gidajen kallon ƙwallo na Unguwan Boro, Unguwan Pama da Television. Kafin Disamba ma akwai biyu a gaba: Supergirl na kamfanin DC a ranar 26 ga Yuni, da Spider-Man: Brand New Day a ranar 31 ga Yuli. Masu kallo sun rabu. Akwai waɗanda ke ƙirga kwanaki, akwai kuma waɗanda ke ganin an daɗe ana ruwa ƙasa tana shanyewa.

Ya kamata a tsaya a kan kalma ɗaya tukuna. Masana'antar Kannywood ta riga ta ƙwace kalmar "jarumi" ta mai da ita sunan duk wanda ya fito a fim, ko da kuwa kuka kawai ya yi daga farko har ƙarshe. Saboda haka mutumin da ke tashi sama, ya ɗaga mota da hannu guda, harsashi ya taɓa shi ya faɗi ƙasa, ya fi dacewa da tsohuwar kalmar littattafan yaƙi, wato sadauki.

Yadda fim ke isowa unguwa

Wanda ke aiki a Sakatariyar Tarayya, idan yana son kallon sabon fim a ranar da ya fito, sai ya tashi daga ofis ya nufi Silverbird ko Ceddi Plaza ko Jabi Lake Mall. Ƙanensa da ke Sabon Tasha ba shi da wannan sauƙin. Mafi yawan gidajen sinima na zamani a ƙasar nan suna Legas ne da wasu biranen kudu, sai Abuja. Arewa kaɗan ta samu. Mai tsananin ɗoki yakan haɗa kallon da wata tafiya, ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, ya kwana wurin ɗan'uwa. Amma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, irin wannan tafiya ta zama abin da ake tunani sau biyu. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, tikiti da kuɗin mota da ɗan abin taɓawa sun isa cefanen kwanaki.

Saboda haka hanyar da aka fi bi ita ce ta masu tura fina-finai. Saurayi ne da kwamfuta a ƙaramin shago, ka miƙa masa waya ko memori, ya zuba maka abin da kake so a kan 'yan kuɗi kaɗan. A makon farko na fitowar babban fim, abin da ke hannunsa kwafi ne da wani ya ɗauka a ɓoye da kyamara a cikin sinimar wata ƙasa: hoto a karkace, murya a dishe, wani lokaci har inuwar mai wucewa zuwa bayan gida, ga tallan gidajen caca yana ratsa fuskar allo. Mai tsabta sai bayan wata ɗaya ko biyu. A nan ne mai son fim na gaskiya ke shiga tsaka mai wuya. In ya kalli gurɓataccen kwafi, ya ɓata wa kansa abin da ya shekara yana jira. In ya yi haƙuri, kafin mai kyau ya iso, TikTok da Facebook sun riga sun gaya masa wanda ya mutu da wanda ya dawo.

Doka dai a bayyane take. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta haramta wannan sana'a. Sai dai akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: manhajar Disney+, wadda a kanta kamfanin ke sakin jerin shirye-shiryen da ke haɗa labaran fina-finansa, ba a buɗe ta a hukumance a Najeriya ba. Wanda ya ɗauki kuɗinsa yana son ya biya ta halal ma ba a ba shi ƙofar shiga ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

Masu ƙirga kwanaki

Ɗokin yana da tushe. Yaron da yake aji uku na firamare lokacin da Iron Man ya fito a 2008 yanzu ya kusa shekara talatin. Da waɗannan fina-finai ya tashi, kamar yadda iyayensa suka tashi da Bruce Lee da Rambo da Amitabh Bachchan. Ya ga yadda aka yi ta saƙa labari shekara goma sha ɗaya har aka ɗaure shi a Avengers: Endgame a 2019, fim ɗin da ya tara kusan dala biliyan 2.8. A cikinsa ne Tony Stark, wanda Robert Downey Jr. ya fito a matsayinsa, ya ba da ransa.

Don haka lokacin da aka sanar a taron masoya littattafan zane na San Diego a Yulin 2024 cewa Downey zai dawo, amma a matsayin mugu, wato Doctor Doom, kuma 'yan'uwan nan biyu Anthony da Joe Russo da suka ba da umarnin Endgame su ne za su sake riƙe ragama, labarin ya zagaye wayoyi kafin gari ya waye. A ranar 26 ga Maris, 2025, kamfanin ya shafe sama da awa biyar yana nuna kujeru kai tsaye a intanet, kowace kujera da sunan ɗan wasa a bayanta. Kujeru kawai, ba yanki ko ɗaya na fim, amma miliyoyi suka zauna kallo. Sunayen sun haɗa da Chris Hemsworth, Anthony Mackie, Letitia Wright da Winston Duke na Wakanda, da dattawa biyu, Patrick Stewart da Ian McKellen, waɗanda suka fara fitowa a X-Men tun shekarar 2000.

Shi kansa Doom hali ne da mai bibiyar siyasa zai gane da wuri. Tun 1962 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro shi: masanin kimiyya, matsafi, kuma shugaban wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Latveria, wanda ya yi imani cewa duniya ba za ta zauna lafiya ba sai a ƙarƙashinsa shi kaɗai. Fim ɗin zai fito ne ana tsakiyar kakar zaɓen 2027, kuma da wuya a rasa masu yanka hotunansa suna liƙa wa 'yan takara.

Akwai kuma alfahari na gida. Wunmi Mosaku, wadda ta fito a shirin Loki da kuma Deadpool & Wolverine, a Zariya aka haife ta a 1986, kafin iyayenta su koma Ingila da ita tana jaririya. Chiwetel Ejiofor ya fito a Doctor Strange. Waƙoƙin Black Panther: Wakanda Forever sun ƙunshi Burna Boy, Rema da Fireboy DML, kuma Tems na cikin marubutan waƙar da Rihanna ta rera, wadda ta shiga takarar Oscar. A Nuwamban 2022 'yan wasan fim ɗin da mai ba da umarni Ryan Coogler suka zo Legas da kansu don bikin haska shi, kuma shi ne fim na farko da ya tara naira biliyan 1 a sinimomin Najeriya. Tun da Denzel Washington ya faɗa a Nuwamban 2024 cewa Coogler na rubuta masa gurbi a kashi na uku, wasu sun fi ɗokin wannan a kan Doomsday ɗin ma.

Masu shakka

Su ma masu shakka da hujjojinsu, kuma alƙaluma na bayansu. The Marvels na 2023 ya tsaya a kusan dala miliyan 206, mafi ƙaranci a tarihin jerin. The Flash na DC ya faɗi warwas a wannan shekarar. A 2025 Captain America: Brave New World ya samu kimanin miliyan 415, Thunderbolts* kuma bai kai miliyan 400 ba duk da yabon da masu sharhi suka yi masa. Superman na James Gunn ya haura miliyan 600, The Fantastic Four: First Steps ya haura 500, kuɗi ne masu yawa, amma shekara shida da suka wuce da an kira su gazawa. A tsakanin nan Deadpool & Wolverine ne kaɗai ya wuce biliyan 1.3, shi ma da tsofaffin fuskoki ya ja jama'a.

Wannan ne ma babban ƙorafin. A ganinsu dawo da Downey alama ce ta gidan da dabara ta ƙare masa. Asalin shirin shi ne a gina sabon babi a kan wani mugu mai suna Kang, amma a Disamban 2023 kotu a New York ta samu ɗan wasan, Jonathan Majors, da laifin cin zarafin tsohuwar budurwarsa, kamfanin ya sallame shi a ranar, aka sauya wa fim suna, aka koma ƙwanƙwasa ƙofar tsoffin hannu. Shugaban Disney a lokacin, Bob Iger, ya amince a bainar jama'a cewa yawan fitarwa ya rage ingancin aikin, kuma a 2024 ya ce za a rage zuwa fim biyu ko uku a shekara.

Matsalar da ta fi cin rai ita ce ta mutuwa. Tun da aka shigo da tunanin duniyoyi barkatai, inda kowane mutum ke da makamancinsa a wata duniya, babu wanda ke mutuwa ya zauna a kabari. Mai kallon da ya zubar da hawaye a 2019 yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya yi wa kuka. Labari yana samun nauyinsa ne daga abin da ba ya dawowa, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban kaka yana jin tatsuniya ya san in Gizo ya faɗa rijiya dole a ji yadda ya fito, ba a ce wani Gizon ne daga wani gari ya maye gurbinsa ba.

Sai batun aikin gida. First Steps shi ne fim na 37 a jerin, ban da shirye-shiryen talabijin. Wanda ke son fahimtar Doomsday sosai yana buƙatar kwanaki a gaban allo, da data, da wuta. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari na farashi. A unguwar da ake biyan kuɗi kafin a caja waya, nishaɗin da ke zuwa da manhajar karatu ya fara kama da jarrabawa.

Dajin Sambisa a allo

Akwai wata shakka da ta fi ta kasuwa zurfi, kuma ita ce ta bambanta mai kallo a Chikun da takwaransa na Landan. A farkon Black Panther na 2018 an rubuta a allo cewa ana dajin Sambisa, Najeriya. Ayarin motocin 'yan bindiga na tafe da matan da aka sace, sai sadauki ya diro daga jirgi cikin dare, cikin 'yan mintuna ya gama da su, matan suka koma gida. Kowa ya san abin da ake nufi: 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014.

Shekara uku bayan fitowar fim ɗin, a ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, a kan wannan titi na Kachia da ya ratsa Sabon Tasha, suka tafi da ɗalibai 121. Iyaye suka tare hanya suna kuka. An riƙa sako yaran rukuni-rukuni cikin watanni, bayan an tara kuɗin fansa, kamar yadda shugabannin cocin suka bayyana. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka sake kwashe ɗalibai a Kuriga, a cikin ƙaramar hukumar dai. An dawo da 137 bayan fiye da mako biyu.

Wanda ya rayu cikin waɗannan kwanaki yana kallon wancan yanki na fim da ido biyu. Wasu na ganin ko ba komai duniya ta ambaci ciwonsu, kuma mutum na da 'yancin ya ɗanɗani, ko na minti biyar ne, yadda abin zai kasance da a ce agaji yana zuwa a kan lokaci. Wasu na ganin an ɗauki masifar da ba ta ƙare ba an mai da ita shimfiɗar gabatar da jarumi da masoyiyarsa. Dukansu suna da gaskiya, amma ta biyun ta fi nauyi, musamman in aka tuna cewa fim ɗin bai sake waiwayar matan ba. Haka aka yi da Legas a Captain America: Civil War na 2016: a can aka ce labarin ya soma, bam ya tashi, mutane suka mutu, amma ba a Legas aka ɗauki hoton ba, kuma mamatan da labarin ya damu da su 'yan Wakanda ne.

Wani yanki na Black Panther kuma ya fi kusa da mutanen kudancin Kaduna fiye da yadda masu shirya shi suka sani: inda Killmonger ke tsaye a gidan tarihi na Landan yana tambayar yadda kayan Afirka suka zo wurin. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a ƙasar Ham kuma Bernard Fagg ya fito da darajarsu a shekarun 1940, an yi ta fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai. A shekarar 2000 an baje wasu a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har aka cimma yarjejeniya a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, amma za su zauna can aro na shekara 25.

Sadaukan gida

Bahaushe bai rasa sadaukai ba. Bayajidda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu. Gandoki na Bello Kagara ya fito tun 1934, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, kuma littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini har yau ana sauraronsu a waya. Sabon Tasha, inda Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, Ibo da Yarbawa ke ciniki da juna da Hausa, tana da nata tarin labaran mafarauta da mayaƙan duwatsu, irin waɗanda ake tunawa a bikin Afan na Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu. Kusan babu ko ɗaya da ya hau babban allo.

Waɗanda suka gwada daga kudu suke. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, da sadaukinsa Guardian Prime. Roye Okupe ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya ta ƙasar Azzaz, wadda ya ɗauko hasken ta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Shirinsa na zane mai motsi, Iyanu, ya fara fita a Afrilun 2025 a Cartoon Network. Iwájú, haɗin gwiwar Disney da kamfanin Kugali, ya fito a Fabrairun 2024. Labarin Amina, wadda ake danganta ganuwar Zazzau da ita, ya zama jari a hannun wasu, kuma babu laifi a kansu. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Abin lura shi ne kasuwar ba ta Holiwud kaɗai ba ce. A Janairun 2024 A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya haura naira biliyan 1, ya kuma wuce Wakanda Forever. Bayan shekara guda Everybody Loves Jenifa ya wuce shi. Duka biyun a Disamba aka sake su, wato watan da Doomsday ya zaɓa. A shagunan turi kuma abokan takarar sadaukan Amurka su ne fina-finan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, irin na Algaita da ke Kano, inda Baahubali da Krrish suka daɗe da samun gindin zama. Mai fassara yana sa wa jarumi karin magana da baƙar magana a baki, kuma tsohuwa da jikanta duk su gane. An sanar a Maris ɗin 2025 cewa Hrithik Roshan da kansa zai ba da umarnin Krrish 4, kuma a wasu rumfunan wannan labari ya fi na Downey armashi.

A nan ne batun ya taɓa teburin waɗanda ke Abuja. Tun Agustan 2023 akwai ma'aikata ta musamman mai kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha, ƙarƙashin Hannatu Musawa, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, tafiyar 'yan awanni daga Kafanchan. Fim ɗin sadaukai yana cin siddabarun kwamfuta, shi kuwa wannan yana cin injuna masu tsada, wuta marar yankewa, da matasan da aka horar. Yankin yana da matasan: reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da sabuwar Jami'ar Tarayya ta Kachia da aka kafa a 2025. Abin da ya rage shi ne ɗakin aiki, da kuma ƙaramin zauren kallo mai lasisi wanda talaka zai iya biya. Gidajen kallon ƙwallo sun riga sun nuna cewa mutanen unguwa za su biya kuɗi su zauna kan benci, a ƙarƙashin kwano, da ƙarar janareta, in dai farashin daidai aljihunsu ne. Babu wani tsari da ke bai wa masu irin waɗannan gidaje damar haska sabon fim ta halal, mai fim ya samu rabonsa.

Marvel ya riga ya sa wa kashi na biyu, Avengers: Secret Wars, ranar 17 ga Disamba, 2027, abin da ke nuna cewa Doomsday zai ƙare ne a rataye. Masu ɗoki na ɗaukar wannan a matsayin alkawarin wata shekarar muhawara. Masu shakka na cewa an sayar musu da rabin kaya a farashin cikakke. Masu turi kuwa, waɗanda ba ruwansu da wanda ya yi gaskiya, sun san cewa kafin motocin Kafanchan su gama lodi a makon Kirsimeti, ɓangarorin biyu za su zo da memorinsu.